Wuƙar Damtse a Ƙofar Dausayi

Wadda ta rubuto min cewa taurin kaina ne zai sa in tsufa a ɗakin Umma, na ga saƙonki kuma ban goge ba. Gyara zama 'yar uwa, yau za ki samu abin ƙarawa.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Murja. Ni nake riƙe da Dausayi, ɗakin taron da Abbanmu ya rasu ya bar mana a Aston, nan cikin Birmingham. Biki, suna, walimar sauka, taron 'yan ƙungiya, duk a wurinmu ake yi. Da shi muke ci, da shi Umma take yi wa danginta na Kano aike. A jikin ƙofarsa akwai wani allo ja da fari da na sa aka buga da Turanci da Hausa: ba a shiga da wuƙa ko bindiga ko wani makami, kuma kowa sai an caje shi. Kalmar KOWA ɗin nan ni na ce a yi ta da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashin allon akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo, inda muke ajiye wa mutane abin da ba mu yarda ya shiga ba, su karɓa in za su fita. Ba irin abin da bai taɓa shiga ciki ba, daga almakashin tela har 'yar wuƙar da wata Hajiya take yanka goro da ita.

Ba don ado na kafa allon ba. Lokacin da yayana Ameen yake riƙe da wurin an yi wata liyafa, wani saurayi ya zo tare da ɗan aminin Abba. Mai tsaron ƙofa ya ɗaga sandar bincike zai shafa masa, Yaya Ameen ya ce, "Ƙyale shi, ɗan gida ne." Ba a kai ga raba abinci ba rigima ta ɓarke, Yaya ya shiga rabo, wuƙar ta same shi a hannun dama ta tsinke jijiya. An yi aiki har likitoci sun gaji. Yau hannun yana jikinsa amma ko cokali ba ya riƙewa. Da hagu yake gaisawa da mutane, kuma duk sanda ya miƙa sai ya ce "a yi haƙuri", kamar shi ya yi laifin. Wannan "a yi haƙuri" ɗin har gobe tana ƙona min rai.

Bayan nan council, wato hukumar birni, suka kira mu, suka ce sun bar mana lasisi bisa sharaɗi: duk taro a caje kowa a gaban kyamara, su kuma su zo su duba faifan duk lokacin da suka ga dama. Ranar da aka ga mutum ɗaya ya wuce ba caji, ko aka samu makami a ciki, ranar za a garƙame Dausayi.

To, ku riƙe wannan, mu zo kan Junaidu.

A bakin allon nan na fara ganinsa bara, ya zo bikin wata 'yar uwarsa. Dogo ne, baƙi mai kyau, cikin shadda ruwan toka, ya tsaya yana ɗora babban yatsansa a kan rubutun kamar tela yana awo.

"Malam, lafiya? Ko ka ga kuskure ne?" na ce.

Ya juyo yana murmushi. "A'a, girman letters ɗin nake dubawa. Daga Houston nake. A Texas in mai shago ba ya son a shigar masa da bindiga, sai ya sa ainihin sign ɗin da doka ta ce, word for word, da English da Spanish, letters ɗin ma akwai girmansu. In hoton bindiga kawai ya manna ya ja mata jan layi, mai licence na riƙe bindiga zai iya wucewa abinsa, sai dai in an buɗe baki an ce masa ya fita."

"Kai kana da licence ɗin ke nan."

"Ina da shi. An taɓa ɗora min bindiga a ka a gidan mai, ina ji ina gani aka tafi da motata. Tun ranar tawa ba ta rabuwa da ƙuguna, ƙarƙashin riga, babu mai gani. Da na zo ƙasar nan ba ita sai nake jin kamar na fito ba takalmi."

"To nan Birmingham ne," na ce. "Ɗaga hannu."

Ya ɗaga yana dariya, Davou ya shafa masa sanda. Davou shi ne mai tsaron ƙofarmu yanzu, ɗan Jos ne, ƙato, amma ko ƙuda bai iya kora da faɗa ba. Kafin a tashi daga bikin Junaidu ya samu lambata wurin amarya.

Jama'a, ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi, kuma har yanzu da nake rubutun nan ban daina ba. Injiniya ne, yana da ladabi, yana kiran Umma ya gaishe ta kafin ya kira ni. Ya sa min suna Hajiya Manaja. Sai ya tsiro da wani wasa, duk shagon da ya je a Houston sai ya turo min hoton allon ƙofarsu.

"Wannan ya ci jarrabawa, na koma na ajiye bindigar a mota."

Washegari wani hoton. "Wannan ya faɗi. Ba Spanish. Na shiga na sayi madara."

Ni kuma in yi ta tura masa fuskar dariya. Ban taɓa tsayawa na ce, to mai shagon madarar nan fa, ai shi ma a'a yake nufi, allon ne kawai bai iya rubutawa ba. So ya rufe min ido, ban ga komai ba sai haƙoransa. Zuwansa na azumin bana ya kawo min wani siririn zoben gwal mai ƙaramin dutse kore, ya ce ba na komai ba ne, in riƙe masa wuri kawai. Ko alwala zan yi sai dai in juya shi, ba na cirewa.

Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Wan mahaifin nasa, Baffa Gidaɗo, shi ne waliyyinsa, tsohon likita ne da ya yi ritaya, yana zaune a Old Trafford can Manchester. Da magana ta yi nisa suka gayyace mu cin abincin rana, a san juna kafin ranar baiko. Tun asuba Umma take canza min kaya. Na sa atamfa ta ce na yi kama da mai zuwa ganin GP a asibiti, na sa leshi ta ce na zaƙe. A ƙarshe muka tsaya a kan doguwar riga ruwan zuma da mayafi mai duwatsu a baki, ta tsuguna da kanta ta turara ni har idona yana hawaye. Ni na tuƙa, Umma a gefe da kwanon alkaki a cinya, Yaya Ameen a baya.

Gidan Baffa irin tsofaffin gidajen jan bulo ne, falo cike da littattafai da hotunan jikoki cikin rigar kammala karatu. An yi mana dambun shinkafa da farfesun kan rago da kindirmo na gida. Baffa fari ne siriri, gemu fari tas, yana magana a hankali kamar mai duba marar lafiya. Akwai wata ɗabi'a tasa da na lura da ita tun a ranar: ba ya minti biyu bai ɗaga hannun hagu ya saɓa babbar rigarsa a kafaɗa ba.

Bayan an ci an sha ya shiga ciki ya fito da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle. Ya warware a kan tebur. Wuƙa ce cikin kube na jar fata da ta yi baƙi don tsufa, da wani zoben fata a jiki inda ake zura hannu ta zauna a damtse, hannun riga ya rufe ta.

"Hajiya Ramatu," ya ce da Umma, "wannan ta kakanmu ce. A gidanmu duk ɗa namiji da ita a damtsensa ake sa masa rana, ba a cirewa sai an shafa fatiha. Ni da ita aka sa min. Ƙanena, uban yaron nan, da ita aka sa masa. Ranar da zai cika ya ce min, Gidaɗo, ka ɗaura wa Junaidu da hannunka."

Na ga Junaidu ya sunkuyar da kai yana murza ido. Umma ta ce, "Allahu akbar, Allah ya jiƙan magabata." Ni kuwa allon ƙofata na tuna. A Dausayi za a yi baikon. A gida Najeriya manya ne suke zuwa su sa rana, saurayi ko leƙowa ba ya yi, amma a nan kowa da aikinsa, sai mu haɗa komai rana ɗaya: manya su zauna a ƙaramin ɗaki da ango, sannan a fito a ci abinci. Na buɗe baki zan yi magana Umma ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur, da takalmi mai tsini kuwa.

Ko babban titi ba mu hau ba na fara.

"Umma, wuƙar nan ba za ta shiga hall ba."

"Murjanatu, ki tuƙa mota."

"To a yi sa ranar a gidanmu na Erdington, in an shafa fatiha ya cire, mu taho hall a ci abinci."

"A sitting room ɗin da ko mutum goma ba ya ɗauka? Mu da muke da hall, 'ya'yan wasu su yi a ciki, tawa 'yar a rakuɓe a falo? Na riga na gaya wa mutanen London da na Leicester. Limamin ma a can na ce ya same mu. Ke wace irin yarinya ce? Wuƙar gado ce, ba ta 'yan iska ba. Shekarunki nawa yanzu? Allah ya kawo miki mutumin kirki za ki kore shi saboda katako da fenti?"

"Council ba su san wuƙar gado ba, Umma."

"Council ɗin a cikin rigarsa za su kwana?"

Na leƙa madubi. Yaya Ameen yana kallon taga, hannun nan a kan cinya kamar ba nasa ba, har muka iso gida.

Ina shiga ɗaki saƙon Junaidu ya shigo, don ya ga fuskata a wurin.

"Hajiya Manaja, na san abin da kike tunani. Na duba dokar UK. Akwai exception, ta yi sassauci ga wuƙar addini da ta national costume, wato kayan gargajiya. Mabiya addinin Sikh suna ɗaukar tasu, 'yan Scotland ma haka."

"Wannan kai da ɗan sanda ne a kan titi," na rubuta. "Ƙofata daban. Lasisina bai ce ban da kayan gado ba."

"Ba wanda zai gani. Hannun riga zai rufe."

"Ni na gani."

Ya yi ta rubutu yana gogewa. Can sai ga murya ya turo, a sanyaye. "Murja, ban san fuskar babana sosai ba. Wannan ce kaɗai abin da ya taɓa jikinsa da zai taɓa nawa ranar."

Na saurara sau nawa ban sani ba, na yi kuka har mayafin ya jiƙe, don ni ma na san rashin uba. Amma da na share fuska abin da na rubuta shi ne, "Baffa ya ɗaura maka a Manchester kafin ku taho, ku yi addu'a, ku bar ta a gida. Junaidu, kai ka ga hannun Yaya."

Sai ya amsa. "Shi ke nan. Zan tsaya Davou ya caje ni kamar kowa. Kar ki ƙara kuka."

Na yi ajiyar zuciya, na sumbaci zoben nan kamar wata sakarya.

Ranar Asabar ɗin baiko tun hantsi Dausayi ya cika da ƙamshi. An yi ado da fari da ruwan gwal, masu abinci sun jera waina da miyan taushe da gasasshen rago. Ni na sa leshi ruwan hoda, ɗaurin da mai kwalliya ta yi min ya kusa taɓo fitila, hannu ya sha jan lalle. Umma ta ce in zauna a ofis kamar kowace amarya sai an kira ni. Na ce to. Tana juya baya na tattare zani na fito bakin ƙofa, don ban taɓa barin taro ya fara ba na wurin ba, ba kuma a kaina zan fara ba.

Liman ya zo Davou ya shafa masa sanda. Ƙawayen Umma suka zo suna tsaki suna buɗe jaka. Bayan azahar motocin Manchester suka shigo.

Junaidu ne a gaba, cikin farar babbar riga mai aikin hannu da hula zanna. Wallahi ya yi kyau har sai da na kau da kai. Ya zo ya buɗe hannuwa da kansa, Davou ya bi shi da sanda sama da ƙasa, shiru. Ya wuce ya tsaya daga ciki. Abin da ya fara taɓa min zuciya shi ne bai tsokane ni ba. Mutumin da ko a waya sai ya ce Hajiya Manaja an tashi lafiya, yau ya wuce ni idonsa a kan takalminsa.

Sai ga Baffa Gidaɗo yana tahowa a hankali, abokansa dattawa biyu a bayansa ɗauke da goro da alewa. Babbar rigarsa ta zamo daga kafaɗar hagu tana jan ƙasa, ga damshin ruwan sama a dandamalin. Na jira ya ɗaga hannu ya saɓa ta kamar yadda ya saba. Bai ɗaga ba. Hannun yana manne da jikinsa, a sandare.

Na juya na kalli Junaidu, ya ƙi yarda mu haɗa ido. A nan na gane komai. Baffa ne zai shigo da ita, in an shiga ƙaramin ɗaki ya ɗaura masa. Wa zai ɗaga wa dattijo kamar wannan sanda, surukin gida, ranar da ya zo neman aure?

Davou ma ya sauke sandar, ya kalle ni. "Anti Murja, Baba ne fa."

Umma ta taho da sauri daga ciki, gwal yana ƙara a hannunta. "Davou, matsa mana! Sannunku da zuwa Alhaji, ku shigo. Wannan ai ɗan gida ne."

Ɗan gida ne. Kalmar nan ta doke ni har cikin ƙashi. Ban san lokacin da ƙafafuna suka kai ni tsakiyar ƙofar ba. Na tattare leshin nan na durƙusa har ƙasa, gwiwa biyu, a daidai inda mutum zai taka ya shiga.

"Baffa, kun zo lafiya? Ya hanya?"

"Lafiya lau 'yata. Allah ya yi miki albarka. Tashi."

"Baffa, ba zan bari a ɗora muku sanda ina kallo ba, ba tarbiyyar da aka yi min ke nan ba. Amma abin da ke hannunku na hagu ba zai shiga ba. Ku yi min rai."

Har kiɗan da ke ciki aka kashe. Umma ta damƙi kafaɗata, farcenta yana shiga namana. "Murjanatu, kin haukace? Tashi kafin in ci mutuncinki a gaban mutane!"

Baffa ya ɗaga mata hannun dama. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi min sauƙi.

"'Yata, na ƙare ƙuruciyata a A and E, sashen gaggawa na asibiti, ina ɗinke yaran da aka soka. Ni za ki koya wa haɗarin wuƙa? Kin ga na yi kama da mai yanka wani?"

"A'a Baffa. Amma kyamarar can da ke samanku ba ta san ku ba. In kun wuce ba caji, an rufe wurin nan. In an caje ku an ji ƙara na bar ku kun wuce, an rufe. Da shi uwata take ci." Na nuna masa akwatin. "Ga akwati nan. Ni da hannuna zan naɗe ta in kulle, makullin ya zauna a aljihunku."

Ya kalli akwatin ƙarfen nan. "Wuƙar ƙanena, a cikin almakasai da abin yankan farce?"

"Ko a koma gida Erdington yanzu, ku da Liman, a shafa fatiha a can. Ni zan tuƙa ku."

"An kira mu nan, mun zo nan. Ba a taɓa tsayar da ita a waje ba ranar sa rana, ba kuma a hannuna za a fara ba. In ba ta shiga ba, mu ma ba mu shiga ba." Ya ɗan sunkuyo. "Ki yi tunani, 'yata. Aurenki ne."

Ina jin numfashin mutane a bayana. Ina jin Umma tana cewa innalillahi ƙasa-ƙasa. Ina son Junaidu, Allah ya sani, kuma a lokacin nan babu abin da nake so kamar in matsa gefe, taku ɗaya kawai, a wuce a yi guɗa. Sai idona ya sauka a kan wasu takalma baƙaƙe da suka zo suka tsaya kusa da gwiwata. Yaya Ameen ne. Ya miƙa wa Baffa hannun hagu.

"Sannu da zuwa Baffa. A yi haƙuri, na daman ba ya aiki."

Baffa ya karɓa, idonsa na likita ya sauka a kan ɗaya hannun ya daɗe a wurin. Na ɗauka zai sauko. Sai ya saki, ya gyara tsayuwa.

"Na yi tunanin, Baffa," na ce. "Ba za ta shiga ba."

Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya juya. Dattawan suka bi shi da goronsu. Junaidu ya zo zai fita, dole sai ta gefena, rigarsa ta shafi kafaɗata. "Murja," ya ce. Ban ɗago ba. Ya bi bayan Baffansa da sauri yana kiran sunansa.

Umma ta sake ni. Ba ta zage ni ba, ta dai ce, "Kin kyauta," ta shige ofis ta rufo ƙofa. Wannan ta fi min zagi ciwo.

Yaya Ameen ya sa hannunsa mai lafiya ya ɗago ni. Gwiwar leshin ta yi baƙi da ruwan takalman mutane. Ya kalle ni idonsa jajir. "Da haka na yi ranar nan," ya ce. Ya juya ya shige ciki.

Na share fuska da bakin mayafi, na shiga tsakiyar mutanen London da na Leicester da suka zuba min ido kamar talabijin. Na ce da masu abinci su buɗe kwanuka. An riga an dafa, kuma babu wanda zai bar Dausayi da yunwa ya je ya ƙara da wannan a cikin labarin. Na bi tebur-tebur ina cewa a ci abinci, bakina yana murmushi.

Ana cikin raba waina Davou ya leƙo. "Anti, ki zo. Ya dawo."

Yana tsaye a ƙarƙashin allon, shi kaɗai. Ya cire babbar rigar da hular, daga shi sai 'yar ciki, ya naɗe hannuwanta har kafaɗa, yayyafi yana sauka a kansa. Inda motar Baffa take babu komai sai jiƙaƙƙen kwalta.

"Ya tafi da ita," ya ce. "Ya ce in na dawo nan in nemi wani waliyyin."

Ya buɗe hannuwa. Na karɓi sandar daga hannun Davou na shafa masa da kaina, damtsen dama, damtsen hagu, ƙugu. Ba ta yi ƙara ba.

"Tambaya ɗaya," na ce. "Shawarar wa ce?"

Da ya ce ta Baffa ce da na yarda, don ina neman abin da zan yarda da shi.

"Tawa ce. Baffa cewa ya yi a gaya miki gaskiya tun jiya. Ni na ce masa ya bari, ba za ki iya tare shi ba."

"Wato ni ma ka auna ni, kamar allon mai madara."

"Na auna ki." Ruwa yana bin fuskarsa, ban san ko duk na sama ba ne. "Na yi kuskure, Murja. Na rasa wuƙar babana yau, kar in rasa ki."

Na matsa gefe. "Shiga ka ci abinci, ka yi tafiya mai nisa. Babu makami a jikinka, ba ni da hujjar hana ka."

Ya taka ƙafa ɗaya ciki, fuskarsa ta fara washewa. Sai ya ga abin da nake yi. Zoben ya ɗan matse, sai da na murza kafin ya fita ya bar farin zane a cikin lallen. Na buɗe akwatin ƙarfen na ajiye shi a tsakanin almakashin wata tela da 'yar wuƙar goron Hajiya.

"Abin da ban yarda da shi ba a nan yake jira," na ce. "Davou, kulle."

Kwaɗon ya yi ƙara. Junaidu ya tsaya yana kallon akwatin, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, bai ce in buɗe ba.

Yanzu da nake rubuta muku makullin yana cikin jakata, Umma ba ta yi min magana ba tun ranar, Dausayi kuma a buɗe yake, gobe ma akwai suna. Wayata ce a gefe take ta haske tun ɗazu. Lambar gidan Baffa na Old Trafford ce, kuma na san ba Junaidu ne yake kira ba.